Rijiyar Eino Ba Ta Taɓa Ruftawa Ba

Tuyeni, jawo kujerarki kusa. Abin da na faɗa shi za ki rubuta, kar ki gyara mini shi irin na 'yan makaranta. Ranar Asabar za a yi bikin buɗe dutsen kabarin Tate, wato Baba, Eino Ashipala, 'ya'yansa sun ce in yi magana, ni kuma gwiwoyina ba za su iya tsayuwar ba. Ke za ki tashi ki karanta. Ki fara da cewa kakanki ne ke magana, Fillemon Amakali, maƙwabcinsa na shekara hamsin da ɗoriya a Omukwiyu.

Eino mahaƙin rijiya ne. Duk wanda ya sha ruwa da rani a yankin nan kafin a jawo famfo, gumin Eino ya sha. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya yarda da komai sai ya ƙwanƙwasa. In ya sauka rami, kowane taku sai ya bugi bango da bayan yatsa ya kasa kunne, wai ƙasa tana faɗin gaskiya in ka tambaye ta a hankali. Haka yake yi wa mutane. Ka miƙa masa kunun gero a ƙwarya, sai ya jira ka kurɓa tukuna. Fasto ya ce a rufe ido a yi addu'a, Eino ido ɗaya yake rufewa. Shekara arba'in yana haƙa, bango bai taɓa rufta masa ba, bai taɓa rufta wa wanda ya sa a rami ba. Dukiyarsa ke nan, don shanunsa ba su taɓa cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ba da rashin yardar aka haife shi ba. Muna samari, zamanin kwantiragi, tare muka shiga layin masu neman aiki a kudu. Aka tuɓe mu, aka duba haƙoranmu kamar jakunan sayarwa. Wani magatakarda mai murmushi ya ce wa Eino aikin lambu ne a gidan bature, wata shida kacal, ya dangwala yatsa a nan. Ya dangwala. Wata goma sha takwas ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana fasa dutse, ya dawo ya tarar an binne mahaifiyarsa. Tun daga nan in ya ga takarda da tawada sai ya cusa babban yatsansa cikin tafin hannu ya dunƙule. Kuɗin tsofaffi ma sai da matarsa Meme Aune ta shekara biyu tana masa mita kafin ya yarda aka rubuta sunansa.

To ranar da abin ya faru, ranar biyan kuɗin tsofaffin ce, da hantsi, an gama yankan gero. Jama'a duk suna layi ta gaban shagunan kwano. Veikko, ɗan ƙanwata, yana da motar a-kori-kura da yake jigilar mutane da ita zuwa garin Oshakati, ya sauke fasinja ya ajiye ta a bayan shagunan. Eino ba ya son layi, wai a layi ake yanke aljihu. Ya je ya zauna a inuwar bayan motar, ya miƙe ƙafa yana wasa bakin daginsa. Ni ina tsaye gefe ina kora ƙuda. Veikko ya fito daga shago ta gaba, ya shiga mota, ya yi ribas. Kafin in buɗe baki na ji ƙara kamar an taka busasshen kara.

Veikko ya diro yana kururuwa. “Wayyo kawu, na kashe shi!”

Eino ya ce, “Rufe mana baki, shashasha. Ka taɓa jin gawa tana zagi? Ɗauke ni kafin mutane su zagayo.”

Muka sa shi a bayan motar, na tallafe kansa a cinyata. Mun yi nisa a hanya ya buɗe ido.

“Fillemon, shanu nawa fari ya bar maka?”

“Huɗu.”

“In maganar nan ta je gaban dagaci, nawa za su rage?”

Ai ya san amsar. Kowa a nan ya sani, wanda ya zubar da jinin wani, dangin uwarsa ne ke share hawaye da shanu. Uwar Veikko ta rasu, ni ne kawu, a garkena za a tsaya. Ga kuma 'yan sanda, muna ganin in suka ji za su kama motar da yake ci da iyalinsa da ita.

Eino ya ce, “To rijiya ce ta rufta mini. Wadda nake yasa a bayan gonar maƙwabcinmu Nakale.”

Na ce, “Eino, sunanka fa?”

Ya ce, “Suna yana jan garma ne?”

Na yi shiru. Rubuta wannan da kyau, Tuyeni: na yi shiru, kuma hankalina ya kwanta.

A asibiti wata nas mai suna Meme Saima ce ta karɓe shi. Ta tsaga wandon da almakashi, ta ɗaga shi sama tana dubawa ta ƙarƙashin tabarau.

“Tate, me ka ce ya same ka?”

“Rijiya.”

“Rijiyar taku tana da taya ne?”

“Rijiyata ce ko taki?”

“Taka ce, Tate. Na dai ga zanen da ta bar maka a wando, sak irin na motar mijina.” Sai ta rage murya. “In mota ce ka faɗa. Akwai asusu na waɗanda mota ta raunata. Ba sa tambayar wa ke da laifi, ko kai ne ka kwanta a kan titi. Su kai ka babban birni Windhoek wurin likitan ƙashi, su biya magani. In rijiya ce kuwa babu ruwansu, sai ka bi layin kowa da kowa, layin kuma dogo ne. Karayar nan ba ta wasa ba ce.”

Eino ya ce, “Na gode, Meme. Rijiya ce.”

Da ta fita ya dube ni da ido ɗaya. “Ka ji tarko?”

Na ce, “Na ji. Banza ba ta kai zomo kasuwa.”

“A ina aka taɓa biyan diyya babu mai laifi? So take in ambaci suna, gobe a zo da takarda.”

“Ai kuwa. In ka ga ana watsa wa kaza tsaba ba ta nema ba, wuƙa tana kusa.”

Ni na faɗi haka. Na kuma yarda da abin da na faɗa, amma ba zan ɓoye ba, yardar ta zo daidai da abin da nake so.

Da la'asar ɗin ranar, ni da Veikko muka ɗauki dagin Eino muka tafi bayan gonar Nakale mu rushe gefen rijiyar, don ƙarya ta sami wurin zama. Muka yi ta dukan bangon nan, ya ƙi faɗuwa. Awa biyu muna fama, gumi har cikin ido, kafin ya yarda ya zube. Veikko ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

Suka naɗe ƙafar da farin simintin asibiti, aka sallame shi da alƙawarin za a kira shi in layi ya zo kansa. Da aka fasa simintin bayan wata biyu, ƙashi bai haɗu ba, ga wani rauni a ƙwauri da ya ƙi rufewa, kullum yana ruwa. Muka kawo mai ɗori, muka kawo mai saiwoyi. Meme Saima ta aiko sau biyu a ce ya dawo su yi magana. Eino ya ce, “Kun gani? Wa ya taɓa bin ka da alheri har gida sau biyu?”

Ana nan sai gari ya fara magana. Nakale ya cike rijiyarsa da ƙasa. Wasu suka jibga ƙaya a bakin tasu, suka hana mata zuwa ɗiban ruwa, wai in wadda Eino ya haƙa bara ta rufta, ina ga ta shekara ashirin. Mata suka koma tafiyar rabin yini da jakuna. A bakin shaguna ana cewa Eino ya tsufa, kunnensa ya daina jin ƙasa, wasu ma suka ce dama sa'a ce kawai yake ci tun farko. Yana kwance a ɗaki duk yana ji. Wata rana ya tambaye ni, “Da gaske har ta bakin coci sun rufe?” Na ce da gaske. Ya juya fuska bango. Ciwon ƙafar bai taɓa sa shi juya fuska ba.

Meme Aune ba mu gaya mata komai ba, amma ita ma a gidan Eino ta tsufa. Wata safiya ta tare ni a bakin shinge da taɓarya a hannu.

“Tate Fillemon, ɗan ƙanwar nan taka, me ya ci mana?”

“Kamar yaya, Meme?”

“Duk Asabar sai ya kawo sukari da nama, ya ajiye a ƙofa, ya kasa kallon idona. Da can ko sannu sai na roƙa. Kuma shekara arba'in ina wanke kayan mutumin nan, na san lakar rijiya ko a mafarki. Ranar nan babu laka a wandonsa.”

Na ce, “Rani ne, Meme.”

Ta ce, “Rani ne a bakinka.”

Ba ta sake tambayata ba. Ta hau mota, ba ta Veikko ba, ta je ta sami nas ɗin nan. A wata na bakwai sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar gidan Eino. Wata matashiya ta fito da jaka, ta ce sunanta Loide, daga asusun take. Aka aika a kira ni. Na tarar ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata tana kiransa Tatekulu, wato kaka, shi kuwa yana zaune a tabarma, hannun dama a dunƙule a ƙarƙashin cinya.

“'Yar wane gida ce ke?”

Ta faɗa, har dangin uwarta.

“To na san kakanki, bai taɓa ba kowa komai kyauta ba. Kuɗin nan na wa ne?”

“Na duk mai sayen man mota ne, Tatekulu. Kowace lita akwai ɗan abin da ake cirewa a tara wuri ɗaya.”

“Har masu a-kori-kura?”

“Su ma fi zubawa, kullum suna hanya.”

Eino ya ce, “Wato mutum yana share hawaye tun ba a yi kukan ba?”

“Kusan haka.”

“To a ce, a ce fa na ce, mota ce ta taka wani. Shanun kawun direban fa?”

Ta yi dariya. “Tatekulu, a bene ofishinmu yake. Ina za mu ɗaure su?”

“Ban tambaye ki wurin ɗauri ba.”

“Ba ma karɓar shanu. In direba yana da lasisi, kuma ba a buge yake ba, ba mu da magana da shi. Amma sai ya je wurin 'yan sanda ya faɗi abin da ya faru, don ba ma aiki sai da takardarsu. Kuma akwai wa'adi, ƙofar ba har abada take buɗe ba.” Ta dubi ƙafar da aka rufe da zane. “Wannan kuwa ina jin ta fi mu gaggawa.”

Ya ce, “Tarko ma yana da lokacin rufewa. Ki gaida gida.”

Amma maganar litar nan ta shige shi. Meme Aune ta ce ta ji labarin wata Meme Hilja can wajen Okahao, wadda motar ɗanta ta kife da ita, aka ce asusun ne ya yi mata komai. Eino ya kira ni.

“Ni ba ni da ƙafa. Je ka ƙwanƙwasa mini bangon nan. Kar ka tambaye ta kawai, wanda aka ba abu bakinsa ba nasa ba ne. Ka leƙa garkenta. Ka tambayi maƙwabta ɗaya-ɗaya, musamman wanda ba sa shiri.”

Na je. Na ga matar a keken guragu mai ƙyalli, tana sussukar gero a zaune. Na ga ɗan da ya kifar da ita, yana nan yana tuƙinsa, ba wanda ya ɗaure shi. Na ce ina neman ɓataccen maraƙi na leƙa garke, shanu suna nan cif. Na sami wata maƙwabciya da suka shekara biyar ba sa gaisawa, ta zazzage mini duk laifin matar tun daga ranar aurenta, amma da na zo kan asusu sai ta taɓe baki ta ce, “Wannan kam sun yi mata, ban san me suka gani a jikinta ba.”

Bango ƙalau yake. Na dawo gida.

Tuyeni, me ya sa kika tsaya? Rubuta. Na dawo na yi kwana goma ban taka gidan Eino ba. A hanya na yi tunani, asusun ba ya son shanuna, gaskiya ne, amma ranar da aka ce mota ce, dangin uwar Eino za su ji, su kuma suna da wurin ɗauri. Na riƙa ce wa kaina bari in ƙara bincike, wataƙila an shirya matar ne don irinmu. Kullum da safe in buɗe wa shanun nan huɗu su fita, in ce gobe.

Rana ta goma na je. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. Meme Aune tana zaune tana kora ƙuda da reshe, ba ta ce mini sannu ba.

Na ce, “Eino, na ƙwanƙwasa. Ƙalau yake.”

“Yaushe ka dawo?”

Da na so, da na ce jiya. Na ce, “Yau kwana goma.”

Ya buɗe ido biyu ya dube ni. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya kalli mutum da ido biyu haka ba. Sai ya kau da kai. Ya ce wa matarsa, “Aika a kira 'yar benen nan.”

A ranar na sa Veikko gaba muka je wurin 'yan sanda. Wanda ke kan tebur ya saurara har ƙarshe, ya ajiye biro ya ce, “Wata bakwai kuna ribas, sai yau kuka iso?” Ya duba lasisi, yana nan daidai. Aka ci Veikko tara don jinkirin kai rahoto, aka bar masa motarsa. Abin da muka rushe rijiya saboda shi ke nan.

Washegari Loide ta zo da takardu. Yatsan nan sai da Meme Aune ta ɓamɓaro shi daga tafin hannu kamar mai ɓare gyaɗa. Ya dangwala yana kallon rufin ɗaki, ya ce, “In wata goma sha takwas ne, ku gaya mini tun yanzu.” Bayan kwana biyu motar asibiti ta zo ta ɗauke shi zuwa Windhoek.

Sun yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce da tun farko aka kawo shi, ƙarfe za su sa, ya koma kan ƙafafunsa. Asusun ya biya aikin, ya biya gado, suka yi masa ƙafar roba suka koya masa tafiya da ita, har da wani abu da suka ba shi na raunin. Ba wanda ya tambaye shi me ya kai shi zama a bayan mota.

Lahadin farko da dawowarsa, fasto na shirin sa albarka, Eino ya miƙe. Ya ɗaga wando ya ƙwanƙwasa ƙafar da bayan yatsa, ta yi ƙwas-ƙwas.

“Mota ce ta taka ni, ni na zauna inda bai kamata ba. Rijiyata ba ta taɓa ruftawa ba. Wanda ya rushe ta Nakale ga shi can a benci na uku, ku tambaye shi awa nawa ya yi.”

Na miƙe na ce, “Biyu. Mu biyu kuma.”

Kafin sati ya zagayo an janye ƙaya daga bakin rijiyoyi. Dangin uwarsa kuwa sun zo, kamar yadda na ji tsoro, su uku da sanduna. Eino ya ce musu, “An riga an biya, lita-lita. Ba a share hawaye ɗaya sau biyu. Ku sha kunu ku kama hanya.” Duk da haka na ja jan bijimina na kai garkensa na ɗaure. Da safe na same shi a ƙofata. Na mayar, ya dawo da shi. A karo na uku ya ce, “Fillemon, kar ka gajiyar da dabba. Ya yi huɗa a gonata, ya yi a taka.” Haka bijimin nan ya yi har ya tsufa. Maganar kwana goma kuwa bai taɓa tayar mini da ita ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bai sake sauka rami ba. Yakan zauna a bakin rijiya masu haƙa suna ciki, ya ce su bugi bango ya ji daga sama. Shekara tara ya yi da ƙafar nan, bai yarda tasa ce ba. In ya hango farar mota daga nesa sai ya kwance ta ya jefa cikin rumbu, ya ja zane ya rufe dungulmin, wai ranar karɓa ta zo. Da ciwon ajali ya kama shi ya ce wa Meme Aune kar a binne shi da ita, kar masu ita su zo su tone shi. A goge ta a ajiye musu. Tana nan cikin rumbun har yau, ba wanda ya zo.

Ni ma ban ce na gane ba. Diyya babu mai laifi, a ce mutum ya zubar da jini a wuce ba a kira sunan kowa ba, har yanzu in na juya abin sai in ji kamar akwai wani gefen bangon da ban ƙwanƙwasa ba. Amma ku da kuke tsaye a nan, in mota ta taɓa ɗayanku, ku ce mota ce tun a ranar.

Da na je duba shi a Windhoek na tare likitan a baranda, na tambaye shi ko kwana goma za su iya cin ƙafa. Ya dafa kafaɗata ya ce a'a Tatekulu, ƙafar ta riga ta tafi tun watanni kafin nan. To amma yana murmushi lokacin da ya faɗa, ni kuma na san masu murmushi.

Ajiye biron haka. Karanta mini tun daga farko, a hankali, in ji ko kin rage wani abu.